Labarin da Ake Shiga da Ƙafa: Tarihin Wasannin Kasada na Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa sakin littafinsa shafi-shafi a Facebook ko WhatsApp ya san wannan ciwon kai. Ka kwana kana tsara inda labari zai dosa, gari na wayewa ka tarar makaranta sun cika ƙasan rubutun da umarni. Wannan ta ce kada a kashe jarumar, wancan ya ce a raba auren, wata kuma ta rantse muddin kishiyar ta yi nasara ta daina bibiya. Tambayar da ke ƙarƙashin hayaniyar ita ce: ina rabon mai ba da labari ya tsaya, ina na mai karɓarsa ya fara? Akwai wata sana'a da ta kusa shekara hamsin tana kokawa da wannan tambaya, ta ci riba a kanta ta kuma tafka asara, wato sana'ar masu ƙirƙirar wasannin kasada na kwamfuta. Su ba su da halin yin kunnen uwar shegu da mai karɓar labarinsu, domin idan bai motsa ba labarin ma yana nan tsaye.

Ga wanda bai saba da su ba, wasan kasada daban yake da gem ɗin ƙwallo ko na harbe-harbe. Ana ajiye ka ne a wani wuri, ka zagaya, ka duba abubuwa, ka ɗauki wasu, ka yi magana da mutanen ciki, ka warware ƙulle-ƙullen da aka ɗaura maka, a haka labarin ke buɗewa kaɗan-kaɗan. Ba a buƙatar saurin yatsa. Haƙuri da lura ake nema.

Abin ya faro ne daga wani kogo na gaske. A jihar Kentucky ta Amurka akwai kogon Mammoth, wanda shi ne jerin kogunan ƙarƙashin ƙasa mafi tsawo da aka sani a duniya. Wani mai rubuta manhajar kwamfuta, Will Crowther, da matarsa Patricia, suna cikin masu shiga ramukan nan suna aunawa suna zana taswira. Patricia ma tana cikin ayarin da a 1972 ya gano hanyar da ta haɗa kogunan Flint Ridge da na Mammoth. Shi Crowther yana aiki ne a kamfanin BBN, cikin waɗanda suka gina ARPANET, kakar intanet ɗin da muke amfani da ita yau. Bayan aurensu ya mutu, a tsakanin 1975 da 1976, ya zauna ya rubuta wani wasa a harshen FORTRAN a kan kwamfutar PDP-10, yana son abin da 'ya'yansa mata biyu za su iya yi idan sun zo wurinsa. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta rubuta maka inda kake tsaye da abin da kake gani, kai kuma ka ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu, kamar a ce "ɗauki fitila" ko "tafi arewa". A 1977 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan, ya nemi izinin Crowther, ya faɗaɗa shi da ƙarin dukiyoyi da dodanni har makinsa ya kai 350. Wannan shi ne Colossal Cave Adventure, kuma daga sunansa dukkan wannan nau'in wasa ya samo suna.

Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne kusan babu labari a cikin wasan. Babu jarumi mai suna, babu uwa, babu masoyiya, babu mugu mai dalili. Abin da ke akwai shi ne wuri, kuma wurin na gaske ne, domin Crowther ya ɗora ɗakunan wasan a kan wani sashe na kogon da ya san shi ciki da bai. Shekaru bayan haka wani malamin jami'a, Dennis Jerz, ya shiga kogon da ƙafarsa, ya ɗauko hotunan wuraren da suka yi daidai da bayanin wasan. Ke nan mutumin ya rubuta abin da ya taɓa da hannunsa, ya ja ciki a cikinsa, shi ya sa 'yan jimlolinsa suka kama mutane. Ɗalibai da ma'aikata suka riƙa kwana a gaban na'ura, takarda da fensir a gefe, suna zana taswirarsu. Akwai wani sashe da aka yi da gangan don ya rikita mutum, ɗakuna da yawa masu bayani iri ɗaya sak. Dabarar da masu wasa suka gano ita ce su riƙa yar da kayansu, kwalba a nan, makulli a can, don su bambance ɗaki da ɗaki. Babu wanda ya rubuta musu wannan dabara. Kuma idan suka haɗu suna hira, abin da suke ba juna labari shi ne yadda suka ɓata da yadda suka fita. Labarin farko na wasan kasada a bakin mai wasa aka ƙirƙire shi.

Wasu ɗalibai a MIT, Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling, suka ce za su iya fin haka. Suka fara Zork a 1977, suka koya wa kwamfuta fahimtar cikakkiyar jimla maimakon kalma biyu. A 1979 aka kafa kamfanin Infocom, wanda ya mayar da wannan abu sana'ar rubutu ta sosai. A wasansu na Deadline na 1982, kai ne jami'in binciken kisan kai, an ba ka awa 12 na lokacin wasa, mutanen gidan kuma suna harkokinsu ko kana wurin ko ba ka nan. Idan kana lambu lokacin da wani ke yin abin asiri a ɗaki, ya wuce ka. Da faifan ya kasa ɗaukar dukkan rubutun, sai suka buga rahoton likita da bayanan shaidu a takarda, suka haɗa da 'yan ƙwayoyin magani a leda, suka zuba cikin kwalin wasan. Ƙarancin wuri ne ya tilasta musu, amma masu saye suka so abin ƙwarai, domin sun riƙe shaida a hannunsu.

Wanda ya fi tsaya min a rai daga wannan zamani shi ne Planetfall na Steve Meretzky, 1983. A cikinsa akwai wani mutum-mutumi mai suna Floyd, mai halin yara, yana bin ka ko'ina, yana surutu, yana neman a yi wasan ɓuya. Ka shafe awanni da shi har ka saba, wani lokacin ma ya ishe ka. Can gaba sai a zo wani ɗaki mai haɗari inda akwai katin da dole sai an ɗauko, Floyd ya ce shi zai shiga. Kai ne za ka rubuta umarnin buɗe ƙofar, kai ne za ka rufe ta a bayansa. Ya fito da katin, a raunane, ya mutu a gabanka. Mutane da yawa sun ba da labarin cewa sun zubar da hawaye a gaban fuskar kwamfuta mai rubutu zalla. To ga abin mamakin: babu wata hanyar kauce wa wannan. Marubucin ya riga ya yanke hukunci, mai wasa ba shi da zaɓi. Amma saboda yatsunsa ne suka buɗe ƙofar, sai ya ji alhakin a wuyansa. Wanda ke son ya kashe wani a littafinsa ya tambayi kansa awa nawa mai karatu ya yi yana dariya da mutumin kafin ranar.

Hoto ya shigo ta hannun wata matar aure a Kalifoniya. Roberta Williams ta buga Colossal Cave a na'urar da mijinta Ken ya kawo gida don aiki, abin ya shiga ranta, ta zauna ta tsara nata a takarda. Mystery House ya fito a 1980 a kan Apple II, da zane-zanen layi marasa launi, labarin kisan kai a wani gida irin na littattafan Agatha Christie. Kamfanin da suka kafa shi ya zama Sierra, kuma a 1984 suka fitar da King's Quest, inda a karon farko mutane da yawa suka ga ɗan jaruminsu yana tafiya a cikin hoto mai launi, yana zagaya bishiya yana ɓuya a bayan dutse.

Sai dai Sierra tana da wani hali na mugunta da masu wasa har yau ba su manta ba. Mutuwa a wasanninsu kamar ruwan sama take: ka taka gefen hanya ka faɗa rami, ka sha ruwan da bai kamata ba ka sheƙa. Wannan ma da sauƙi, tunda za ka koma inda ka adana. Babbar matsalar ita ce tarkon da ba ka san ka faɗa ba. A King's Quest V na 1990, akwai lokacin da kyanwa za ta biyo ɓera da gudu. Idan ba ka jefi kyanwar ka ceci ɓeran a 'yan daƙiƙun nan ba, wasan ba zai ce maka komai ba, za ka ci gaba abinka, sai can gaba an ɗaure ka a wani ɗakin ƙasa, ɓeran da zai gwaguye igiyar kuma babu shi. Haka kuma akwai wani kek da za ka saya, idan yunwa ta sa ka ci, ka shiga uku, domin da shi ake jifan wani dodon ƙanƙara a kan dutse. Kamfanonin zamanin har littattafan amsoshi suke sayarwa, da layin waya na kuɗi da za ka kira a faɗa maka mafita.

A Japan kuwa wata hanya aka bi. Yuji Horii, wanda daga baya ya yi Dragon Quest, ya fitar da wasan binciken kisa na Portopia a 1983. Da aka mayar da shi kan na'urar Famicom a 1985, wadda ba ta da madannan rubutu, sai aka jera umarnin a gefe mutum ya zaɓa. A wasan kai ne shugaba, kana da mataimaki mai suna Yasu, shi ke aiwatar da duk abin da ka ce, shi ke ba ka rahoto. A ƙarshe sai ta bayyana shi ne mai kisan. (Ku yafe min tona asirin, ya haura shekara arba'in, kuma a Japan ya zama abin barkwanci da kowa ya sani.) Dabarar ta yi aiki ne domin mai wasa ya ɗauki Yasu kamar hannunsa, ba wanda ke zargin hannunsa. Daga wannan tushe Japan ta gina wasannin da rubutu ya fi yawa a cikinsu, ana karantawa ana zaɓen hanya, waɗanda har yau suke da babbar kasuwa a can.

Mutumin da ya zauna ya yi wa sana'ar hisabi shi ne Ron Gilbert na Lucasfilm Games. A Maniac Mansion na 1987, shi da Gary Winnick sun kawar da wahalar neman kalmar da kwamfuta za ta gane, suka jera aikatau a ƙasan hoto, ka danna "buɗe" ka danna ƙofa. A 1989 Gilbert ya rubuta wata maƙala mai zafi a kan dalilan da suka sa wasannin kasada ke gundurar mutane, kuma abin da ya faɗa ya shafe mu kai tsaye. Ya ce dole mai wasa ya san babban burin da ake nema tun da wuri. Ya ce kada a tsara wasa ta yadda sai mai wasa ya mutu kafin ya koyi abin da bai kamata ya yi ba. Ya ce kada a bar shi ya makale saboda wani abu da bai ɗauka ba a wurin da ba zai iya komawa ba. Sannan wadda na fi so: a nuna matsala kafin a nuna maganinta. Idan mutum ya tsinci makulli kafin ya ga ƙofar da ke kulle, makullin tarkace ne a aljihunsa. Idan kuwa ya fara cin karo da ƙofar, ya jijjiga ta ta ƙi buɗuwa, to ranar da ya hango makulli gabansa zai faɗi. Littattafanmu da yawa suna miƙa wa mai karatu makulli a babi na biyu, tarihin gidan kaf da asirin kowa, tun bai ga wata ƙofa da yake son buɗewa ba.

Gilbert ya gwada ƙa'idojinsa a The Secret of Monkey Island na 1990, tare da Tim Schafer da Dave Grossman. Jarumin, Guybrush Threepwood, ya faɗi burinsa tun a farkon wasan: yana son zama ɗan fashin teku. An ba shi gwaji uku, kuma ya fara da wanda ya ga dama, saboda haka idan ya makale a ɗaya sai ya koma wani maimakon ya kashe kwamfutar cikin fushi. Faɗan takobi a wasan ma da baki ake yinsa, wani ya jefo maka baƙar magana ka nemo amsar da ta dace, kuma sai an kayar da kai sau da yawa kafin ka tara amsoshin. Kusan ba a mutuwa. Wuri guda da aka sani shi ne idan ka bar Guybrush a ƙarƙashin ruwa fiye da minti goma da yake alfaharin yana iya riƙe numfashi. Da aka cire tsoron mutuwa sai halin masu wasa ya sauya: suka fara danna komai, suna zaɓen amsar da ta fi rashin hankali don kawai su ji abin da za a ce. Marubutan kuma dole suka rubuta martani mai daɗi ga kowace wauta.

Sai Myst a 1993, na 'yan uwa biyu, Rand da Robyn Miller, wanda ya zo daidai da yaɗuwar faifan CD. An jefa ka wani tsibiri, babu kowa, babu wanda ya ce maka ga abin yi. A ɗakin karatu akwai littattafai biyu, ja da shuɗi, kowanne da mutum a kulle a ciki, wa da ƙani, kowa yana roƙon ka kawo masa shafukan littafinsa yana cewa ɗan uwansa ne mugun. Ta yaya za ka san mai gaskiya? Sai ka shiga ɗakunan da suka taɓa zama. Na ɗaya cike da zinariya da kayan alatu da alamun kwaɗayi, na ɗayan cike da makamai da kayan azabtarwa. Ɗakunan sun ba da shaidar da bakunansu suka ɓoye. Masu sharhi da yawa cikin tsofaffin 'yan wasa sun raina Myst, suna cewa hotuna ne kawai ake juyawa. Duk da haka ya sayar da miliyoyi, ya riƙe kambun wasan kwamfuta mafi ciniki har sai da The Sims ya wuce shi a 2002. Mutanen da ba su taɓa kusantar gem ba suka saye shi don su yi yawo a wuri mai kyau da shiru.

Daga nan kasuwar ta karye. Doom ya fito a 1993 shi ma, hankalin matasa da kuɗin kamfanoni suka koma wasannin gudu da harbi. Grim Fandango na Tim Schafer, 1998, ya sha yabo amma cinikinsa bai kai yadda aka sa rai ba. Wasu sun ɗora laifin a kan masu saye, wai sun daina son tunani. Amma akwai misalin da aka riƙa kafa hujja da shi cewa sana'ar ce ta kashe kanta. A Gabriel Knight 3 na 1999, jarumin yana son hayar babur, sai ya yi shigar wani mutum. Don haka zai manna salatif a wani rami, ya kori kyanwa ta bi ta ramin, gashinta ya manne, ya shafa ruwan sikari mai danƙo ya liƙa gashin a matsayin gashin baki. Mutumin da ake kwaikwayo kuma ba shi da gashin baki, saboda haka sai an zana masa a hoton fasfonsa da alƙalami. Erik Wolpaw ya yi wa wannan ƙulli kaca-kaca a wani rubutu na shekarar 2000. Ƙullin da hankalin marubuci kaɗai zai iya warwarewa ya daina zama gayyata, ya koma wulaƙanci. Mu ma muna da irinsa: jaruma ta ƙi faɗin kalma ɗaya da za ta kashe rigimar tun shafi na goma, ba don halinta ya hana ta ba, sai don marubuciya tana son littafin ya kai kashi na uku.

A Turai ba a daina ba. The Longest Journey ya fito daga Norway a 1999, Syberia na Benoît Sokal ya biyo baya a 2002, Jamusawa kuma suka ci gaba da saye. A daidai wannan tsakani, a 1996, Richard Bartle, wanda tare da Roy Trubshaw suka yi wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, ya kasa masu wasa gida huɗu: masu son cin maki, masu son bincike, masu son hulɗa da mutane, da masu son murƙushe wasu. A kan wasannin jama'a da yawa ya yi maganar, kuma ba kowa ya yarda da rabon ba, amma ya sa masu sana'ar sun fara yarda cewa mutum biyu za su iya zama a gaban wasa ɗaya suna neman abu daban.

Farfaɗowar ta zo a 2012, kuma ta rabu hanya-hanya. A shekarar ne kamfanin Schafer, Double Fine, ya nemi dala 400,000 daga jama'a a Kickstarter don ya yi wasan kasada irin na da, aka tara masa sama da dala miliyan 3. A shekarar ce kuma Telltale, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan LucasArts suka kafa a 2004, ya saki The Walking Dead kashi biyar, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke sakin littafi. Sun rage ƙulle-ƙulle, suka mayar da nauyin kan zaɓi: kai ne Lee, kana riƙon wata yarinya, Clementine, a duniyar da ta rushe, kuma a cikin 'yan daƙiƙu za ka yanke wa za ka ceta, wa za ka ba ɗan abincin da ya rage. Wani lokacin rubutu zai bayyana a sama cewa wane zai tuna abin da ka faɗa. A ƙarshen kowane kashi a nuna maka yawan mutanen da suka zaɓi irin naka.

Masu lura sun gano cewa rassan suna komawa gangar jiki ɗaya. A kashi na farko za ka ceci Carley ko Doug, amma duk wanda ka ceta zai mutu a kashi na uku. Lee ma ƙarshensa ɗaya ne ko me ka yi. Wasu suka ce yaudara ce. Ni ban ga haka ba, kuma lissafi yana bayana: zaɓi goma masu reshe biyu-biyu, idan ba su sake haɗuwa ba, ƙarshe 1,024 za su haifar, babu marubucin da zai rubuta su duka da kyau. Abin da zaɓin ya sauya shi ne irin mutumin da Lee ya zama a idon yarinyar, da irin mutumin da mai wasa ya ga kansa ya zama. Floyd ne ya dawo da sabuwar riga. Kamfanin kansa ya yi ta maimaita dabarar a wasa bayan wasa har ya durƙushe a 2018.

Hanya ta biyu ta jefar da zaɓin da ƙullin gaba ɗaya, ta bar wuri kawai. Dear Esther na 2012 yawo ne a wani tsibirin Scotland ana jin muryar mai karanta wasiƙu. Gone Home na 2013 ya fi shi tsari: wata budurwa ta dawo daga tafiya a wani dare na 1995, ta tarar da gidansu a jihar Oregon babu kowa. Ba dodo, ba bindiga. Durowa za ka buɗe, takardu za ka juya, kaset za ka saka. Babban labarin na ƙanwarta ne da dalilin barinta gida, amma wanda ya fi taɓa ni na mahaifin ne, wanda ba a ce lallai sai ka bi ba. Marubuci ne da kasuwa ta juya wa baya. Za ka ga kwalaye cike da kwafin littafinsa da ba a sayar ba, da wasiƙar kamfanin ɗab'i na sallama, da kwalbar giya da aka ɓoye a saman kanta, da 'yan rubuce-rubucen sharhin kayan sauti da yake yi don a ci abinci. Ba wanda ya ce maka mutumin nan ya karaya. Kai ka haɗa, kuma wanda bai buɗe kwalin ba ba zai taɓa sani ba. Masu adawa suka laƙaba wa irin waɗannan wasanni sunan ba'a, wai na'urar koyon tafiya, sunan kuma ya bi su har masu yin su suka karɓe shi.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge ni, domin ta dawo da wahalar tunani ba tare da gashin kyanwa ba. A Her Story na Sam Barlow, 2015, an zaunar da kai gaban tsohuwar kwamfutar 'yan sanda mai ɗauke da gutsattsarin bidiyon tambayoyin da aka yi wa wata mata a 1994 kan ɓatan mijinta. Kalma za ka rubuta, a fito maka da gutsattsarin da ta furta kalmar a ciki, amma biyar na farko kaɗai za a nuna. Saboda haka sai ka saurara da kyau, ka tsinci suna ko wuri, ka sake nema. Kowa da jerin da yake ganin labarin, wani ya ci karo da asirin a minti ashirin, wani sai bayan awa uku, kuma rubutun ya jure duka biyun. A Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, 2018, kai ma'aikacin inshora ne a 1807, jirgin ruwa ya dawo babu mai rai, mutum 60 ne a takardar jirgin, aikinka ka gano sunan kowa da abin da ya same shi. Kana da agogon da ke nuna maka daƙiƙar mutuwar kowace gawa, a daskare. Daga lafazin magana, da irin tufafi, da lambar gadon kwana za ka gane wane ne wane. Wasan ba ya tabbatar maka da amsa sai ka dace da mutum uku a lokaci guda, don kada ka yi ta cinta. Outer Wilds na 2019 ya kai abin ƙarshe: rana tana fashewa duk bayan minti 22, komai ya koma farko, babu makami ko makullin da kake tarawa. Abin da ka sani ne kaɗai ke bin ka. Ƙofar ƙarshe a buɗe take tun minti na farko, ba ka dai san inda take ba.

Wanda ke son ya gwada hannunsa ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Akwai Twine, kyauta ce, Chris Klimas ya fitar da ita a 2009, kana rubuta sakin layi ka haɗa shi da wani ta hanyar kalmar da za a danna, kuma ba ruwanta da harshen da ka yi rubutun, Hausa ma tana ɗauka. Gida ɗaya mai ɗaki biyar ya isa gwajin farko, a ajiye abu uku a kowane ɗaki, a hana kowa yin bayani.

Roberta da Ken Williams kuwa, bayan sun shafe fiye da shekara ashirin ba sa sana'ar, sun dawo a Janairun 2023 da wasa guda. Kogon Crowther ne suka sake ginawa, wannan karon da hoton da ake shiga ciki a waiwaya, da fitilar, da kwalbar, da ɗakunan nan masu kama da juna.